Tokar da Baba ke yawo da ita a aljihu

Assalamu alaikum admin da 'yan uwa na wannan gida, barkanku da warhaka. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, akwai 'yan garinmu a nan, yayana ma yana leƙowa jefi-jefi, ko da yake in ya karanta zai gane ni ce, to ya gane, na gaji. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, maganar tana da tsawo kuma ni ba gwanar rubutu ba ce, keken ɗinki na sani.

Ina zaune a wani ƙauye a ƙasar Bagudo, can wajen Sharabi, ba mu da nisa da bodar Benin. Mijina ya rasu, na dawo gidanmu ina zaune da mahaifina, mahaifiyarmu ita ma ta daɗe da rasuwa. Mu biyu ne muka rayu a 'ya'yan Baba, ni da Yaya, shi yana Kamba da iyalinsa yana kasuwanci. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini tun ina rarrafe. Manomi ne, yana da gonar gero a tudu, amma ransa gaba ɗaya yana fadama, wurin wata jar shinkafa irin ta da, wadda ya gaji irinta daga mahaifinsa, ita mai bin ruwa ce tana tsawo. Dogo ne kuma mai sauri, a da ba mai son haɗa hanya da shi, yakan tsallaka zuwa kasuwar Benin a ƙafa ya dawo bai ce wash ba. Ina faɗin wannan ne don ku san wane irin mutum ne yanzu yake zaune a tabarma yana kallon ƙofa.

Abin ya fara da karkarwar hannun dama, in yana zaune kawai sai hannun ya riƙa rawa shi kaɗai, muka ce tsufa ne, wasu suka ce sanyin fadama. Sai tafiyarsa ta canza, taku ƙanana yana jan ƙafa, fuskar ma ta daskare, mutane suna tambayata wai wa ya ɓata wa Baba rai, alhali ba kowa. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne ƙofa. Zai taho daga ɗakinsa lafiya lau, da ya iso bakin zaure sai ƙafafun su tsaya cak kamar an liƙa su da danƙo, jikin yana son wucewa ƙafa ta ƙi, ya yi ta rawa a wuri ɗaya har gumi ya keto masa. Amma abin mamaki in aka kai shi gonar tudu, sai ka ga yana tsallaka kunya bayan kunya kamar saurayi. Goggo, ƙanwarsa da ke aure a Kurgu, ta zo ta ga wannan da idonta, ta tafa hannu ta ce ai magana ta ƙare, ciwon Allah bai san ƙofa ba, abu aka binne masa a bakin zaure. Wallahi ni ma na yarda a lokacin, don me zan ce? Aka kawo fartanya aka tone bakin zaure, aka tone bakin ɗakinsa, har bakin bayi bai tsira ba. Ba a samu komai ba sai fasasshiyar tukunya da wani tsohon ƙashi, wanda ni na san na akuyar layya ne, amma Goggo ta ƙulle shi a tsumma ta ce ga shaida. Daga nan aka tsallaka da shi boda wurin wani mai magani, ya yi masa tsaga a idon sawu, ya ba da na hayaƙi da na wanka. Muka dawo, Baba ya sake maƙalewa a bakin zauren da aka cike da sabuwar ƙasa.

Sai da Yaya ya ga abin ba na wasa ba ne sannan muka kai shi asibiti Birnin Kebbi. Likitan ya sa shi ya yi tafiya a baranda ya juyo, sannan ya tsaya a bayansa ya ɗan ja kafaɗunsa, Baba ya taho baya gaba ɗaya kamar buhu, ko ƙoƙarin tare kansa bai yi ba, likitan ne ya riƙe shi. Ya ce cutar sunanta Parkinson, a ƙwaƙwalwa take, ba ta warkewa, sai dai a riƙa lallaɓa ta da magani. Na gaya masa labarin ƙofa da na kunyoyin gona ina jin kunyar kaina, bai yi dariya ba, ya ce haka cutar take, wuri matsattse yana ƙulle musu ƙafa, amma in ido ya ga layi a ƙasa da za a tsallaka sai ƙafar ta saki. Ya ce mu zana masa layuka a gida. Ya rubuta wata ƙwaya, levodopa, ya ce a ba shi kafin abinci, kada a haɗa da nono ko kifi ko wake, sai an ba da tazara, kuma ko da wasa kada a tsayar da ita farat ɗaya. Mutumin da tun tasowarsa fura da nono ce karin kumallonsa! An sha daru a kan wannan, amma ya haƙura.

Jama'a ranar da ƙwayar nan ta fara aiki na yi kuka kamar ƙaramar yarinya. Baba ya miƙe da kansa, ya ɗaura alwala, ya tafi masallaci ba mai riƙe shi. Tun daga ranar ya sa mata suna ƙafafuna, in na shigo da safe da kofin ruwa sai ya ce, “Uwata, kin taho man da ƙahwahuna?” Goggo kuwa cewa ta yi aikin mutumin tsallake ne ya iso a makare, na ce to Goggo, Allah ya saka. Maganar layi kuma, tsakar gidanmu rairayi ne, ba fentin da zai zauna, sai na koma ɗibar toka a murhu. Kullum in na gama shara sai in zuba layi-layi a gicciye, daga ɗakinsa zuwa bayi, daga ɗakinsa zuwa zaure, da ɗaya mai kauri a bakin ƙofa. Ya riƙa bi yana tsallakawa abinsa. Ku san garinmu, bazawara tana zana toka a gidan ubanta da sassafe, ai kafin azahar labari ya kai bakin rijiya, wai ashe mai binne-binnen a cikin gida take. Goggo ta zo ta sa tsintsiya ta share su tas tana a'uziyya, Baba ya fito ya maƙale a tsakiyar rana, sai da na sake zubawa a gabanta ya tsallaka ya wuce. Har yau ba ta taka layin nan, zagayawa take yi.

Mun samu shekaru na sauƙi, ba zan yi wa Allah butulci ba. Sai ƙwayar ta fara gajiya, kafin lokacin ta gaba ya yi ya riga ya sandare. Likita ya ƙara, sai jikin ya koma murɗe-murɗe, kafaɗa da wuya suna motsi ba da sonsa ba, in ya tashi tsaye jiri ya kwashe shi, har ya fara ganin awaki a cikin ɗaki yana ce mini in kore su. Aka sake ragewa, aka sauya lokutan sha. A zuwanmu na ƙarshe na tsare likitan na ce don Allah ya faɗa mini gaskiya, me ya sa Baba yake faɗuwa ko da maganin yana jikinsa. Ya ce ƙwayar tana sassauta jiki ne ta sa ƙafa ta ɗagu, amma tsayuwa daram, wato jiki ya tare kansa in ya karkata, wannan ba ta cika gyara shi ba, kuma cutar tana ƙara cin wurin ne a hankali. Ya ce akwai wasu magunguna da akan gwada, amma ba tabbas gare su kuma ga tsoho mai ganin awaki a ɗaki suna iya ƙara rikita shi. Ya ce a riƙa kawo shi wurin masu koyar da motsa jiki, daga ƙauyenmu zuwa Birnin Kebbi fa, a wannan hanyar. Ya ce a sayi abin dogarawa mai ƙafa huɗu, Yaya ya aiko, ya nutse a rairayi tun ranar farko, yanzu shanya nake yi a kai. Ƙwayar ma ba kullum ake samunta a kemis na Bagudo ba, Yaya ne ke sa 'yan kasuwa su nemo ta ta ɓangaren Benin, kwali da rubutun Faransanci, sai na ɗauki hoto na tura wa wata nas ta tabbatar mini ƙarfinsu ɗaya da wadda aka rubuta. Ke nan maganin ta hannun Yaya yake biyowa, ku riƙe wannan.

To ga inda matsalar take. In bai sha ba yana zaune wuri ɗaya, ba ya faɗuwa don ba ya tashi. In ya sha, da ta kama shi sai ya ji shi ne Baban da, ya miƙe ya nufi ƙofa, ƙafa tana tafiya amma ba abin da ke tare shi. Ya faɗi ta baya a bakin rijiya ƙeya ta fashe, an yi ɗinki. Wata rana tafiyar ta ƙwace masa, taku ƙanana da sauri da sauri yana kifawa gaba, ya kasa tsayawa sai da ya afka cikin danga. Da damina ta yi nisa ruwa ya shigo fadama na roƙe shi, na yi kuka, na ce Baba ka bar zuwa, hanyar 'yar siririya ce ruwa dama ruwa hagu, ya ce to. Na san to ɗinsa, don haka na daina zuba layin bakin zaure, na bar na bayi kawai, na ce ƙofa ta tsare mini shi. Ina ɗaki ina ɗinki da hantsi sai na ji salati a waje, Malam Garba maƙwabcin gonarmu ne da wasu suka shigo da shi a sungume, jiƙe sharkaf, laka har cikin hanci. Ruwan da ya faɗa ko gwiwa bai kai ba, amma rubda ciki ya faɗi kuma ya kasa juyawa, da Malam Garba bai ɗago kai a lokacin ba da wani labarin nake ba ku. Na yi ta tunanin ta yaya ya wuce zaure, sai da na zo wanke rigarsa na sa hannu a aljihu na ji abu caɓa-caɓa. Toka ce. Ashe tsohon nan ɗiba yake yi a murhu in na juya baya, in ya maƙale ya zuba wa kansa layi da hannun nan mai rawa, ya tsallaka, ya yi gaba. Na zauna a bakin baho ina dariya ina hawaye, ban san wanne ya fi yawa ba.

Yaya ya zo washegari ransa a ɓace, Goggo ma ta zo, aka zaunar da ni kamar mai laifi. Yaya ya ce ni na koya masa dabarar, ni ce ke ɗura masa abin da ke tayar da shi, kafin ƙwayar nan ai yana zaune lafiya ba wanda ya tsamo shi a ruwa. Na ce lafiya? Wannan zaman kake kira lafiya? Na tuna masa likita ya ce kada a tsayar, ya ce ba likita ne zai shiga kabari ya karɓi gawa ba, shi ne. Na faɗa masa maganganu, na ce shi da yake zuwa da farar shadda ya kwana ɗaya ya koma me ya sani, shi ma ya faɗa mini waɗanda suka fi, har da cewa zaman gida ne ya ishe ni nake neman hutu. Allah ya isa ban ce ba, don yayana ne, kuma na ga idonsa ya yi ja, tsoro ne ke cinsa ba mugunta ba. Ya kwashe kwalayen maganin ya sa a jakarsa ya tafi da su. 'Yan uwa, kada Allah ya nuna muku abin da na gani a 'yan kwanakin nan. Baba ya sandare kamar itace, ko juyi a shimfiɗa ba ya iyawa, miyau yana zuba, ruwa in na ba shi ya sarƙe, jiki ya yi zafi, murya ta shige ciki. Ya yi fitsari a kwance, ba namiji a kusa, ni na canza masa wando, ya runtse ido gam har na gama bai buɗe ba. Yaya da ya dawo ya shiga ya gan shi, fitowa ya yi ya tsuguna a bayan rumbu ya daɗe, sannan ya miƙo mini maganin.

Amma da sharaɗi ya miƙo. Wai in riƙa raba ƙwayar biyu ina ba shi rabi, wanda zai isa ya haɗiye abinci ya juya a shimfiɗa, amma kada ya isa ya kai shi ƙofa. A kwashe toka daga murhu kullum a zubar a waje. In na saɓa har wani abu ya faru, ba shi ba ni har abada, kuma in ya ji labarin Baba ya sake fita zai daina aiko da maganin nan, ya zo ya ɗauke shi ya kai Kamba ya sa a ɗaki mai tayil da makulli. Na kira likitan, ya ce kada mu taɓa yawan magani da kanmu, a ba shi yadda aka rubuta, a sa mutum ya riƙa binsa duk inda za shi, kuma a kawo shi a duba. Na gode likita, amma wane mutum? Na gwada binsa da kaina, ya tsaya ya ce ba a gaban mutanen gari ba, ɗiya mace ta riƙe shi kamar makaho. Na nace, ya karkata na tare shi, muka zube tare, har yanzu ƙuguna bai daina ciwo ba. Mun samo wani magidanci ya riƙa raka shi, ya kore shi da sanda. Na gwada ba shi cikakkiya in sa kwaɗo a zaure, ya taho ya jingina goshinsa da ƙyauren ya tsaya, bai buga ba, bai kira ni ba, haka ya tsaya har maganin ya sake shi, sai ɗauko shi aka yi.

Yanzu rabin nake ba shi, ba don na yarda ba, don ban san abin yi ba. Kuma ya sani. Ranar farko ya dubi ɓarin ƙwayar a tafin hannuna ya ce, “Uwata, yau ƙahwa guda kika kawo man.” Ya so ya yi murmushi fuskar ta ƙi. Yana ramewa ina gani, abinci sai na yi da gaske, hirar da muke yi da la'asar ta mutu, rediyonsa ma ya daina kunnawa. Ga shi shinkafa ta fara nuna, kuma al'adarsa ce duk shekara kafin a sa lauje shi ke shiga da kansa ya zaɓi kawunan da za a ajiye na iri, bai taɓa bari wani ya yi masa ba. Malam Garba ya ce zai yanko masa ya kawo gida ya zaɓa a tabarma, ya ce iri a tsaye ake ganinsa. Shekaranjiya na ce masa Baba ruwa bai janye ba, in ka faɗi fa? Ya daɗe kafin maganar ta fito, na kai kunnena kusa da bakinsa, ya ce, “In na hwaɗi can, ku bar ni can. Nan ma hwaɗuwa ta, Uwata, sannu-sannu ce kawai.”

Ni dai na daina sa ran warkewa, na san duk hanyar da na bi rasa shi zan yi, abin da ban sani ba shi ne wacce zan iya ɗauka a wuyana. Likitoci da nas-nas na wannan gida, don Allah da gaske babu wani magani da ke tsayar da mutum daram, ko a Sakkwato, ko a tsallake? Akwai wanda nasa tsohon ya yi irin wannan, yaya kuka yi? Malamai ku faɗa mini tsakani da Allah, in na ba shi cikakken maganinsa yadda likita ya rubuta ya fita ya faɗa ruwa, ni na kashe shi? In kuma na ci gaba da gutsura masa ya ƙare a tabarma yana kallon ƙofa, wannan fa, wa ya yi? In bi Yaya in tsira da zumunci da maganin, ko in bi Baba?

Yau da safe bayan na ba shi rabin nasa na juya zan fita, sai na ji ya riƙe bakin zanena. Ya sa ɗayan hannun ya buɗe aljihun rigarsa ya riƙe shi a buɗe, hannun yana ta rawa, ya ce, “Ɗebo man toka.” Na ce masa Baba wuta ba ta mutu ba tukuna, sai ta huce. Ya ce zai jira. Ina zaune a bakin murhu nake rubuta muku wannan, tokar ta huce tun ɗazu, na leƙa ta taga har yanzu yana riƙe da aljihun. Don Allah me zan je in ce masa?